Yadda ake rubuta littafin soyayyar Kirsimeti na Kirista a ƙaramin tsibiri

Duk shekara da zarar an shiga Oktoba sai saƙonni su fara shigo min, wai Anti ta ina ake fara irin labarin nan naki na Kirsimeti, ni ma ina so in gwada. Amsar farko ba za ta yi miki daɗi ba 'yar'uwa, in a Oktoba kika fara to bana kam ta wuce ki, na baɗi za ki rubuta. Amma gara hakan, kin samu lokacin shiri. Maza ku yi haƙuri zan yi ta cewa "ki" don yawancin masu tambayar mata ne, aikin dai ɗaya ne.

Irin wannan littafin a Amurka ya fi kasuwa. Kamfanin buga littattafai na Harlequin yana da reshe guda mai suna Love Inspired tun 1997, aikinsa kenan soyayyar Kirista, kuma littattafansu kan kai kalmomi wajen 55,000. Ƙa'idar ba ta da yawa: mutum biyu ne tsakiyar labari, ba batsa, ba ashar, bangaskiya tana ciki, kuma dole a ƙare da farin ciki. Ni da Hausa nake nawa, saboda matan zumunta da 'yan matan kwaya su ma suna son karatun soyayya irin wanda ba sai sun kife waya ba in Mama matar fasto ta zo wucewa.

Ki ɗauki abin kamar murhu. Tukunyar ita ce soyayyar, duwatsun uku kuma su ne tsibirin, da Kirsimetin, da bangaskiyar. In ɗaya ado ne kawai ba ya ɗauke da nauyi, tukunyar za ta kife.

Kayan aiki

Waya ko kwamfuta, duk wadda kike da ita, littattafaina biyu na farko a waya na buga su da babban yatsa. Amma ki riƙa tura wa kanki kowane babi ta imel ranar da kika gama shi, na taɓa rasa babi shida rana ɗaya da waya ta faɗa bokitin wanki, ban so in tuna.
Littafin rubutu na takarda da biro, na ajiye bayanan mutanen labari.
Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassara ɗaya tak, da littafin waƙoƙin da cocinku ke amfani da shi.
Taswira iri biyu, ta Google Maps da wadda za ki zana da hannunki.
Kalandar Nuwamba da Disamba.
Masu karatun gwaji biyu, ɗaya 'yar cin littattafan soyayya, ɗaya kuma wadda ta san Littafi sosai, dattijuwar zumuntar mata ta fi.
Lokaci. In farkonki ne kar ki ɗauko 55,000, ki tsaya a 25,000. Kalma 500 a rana, kwana 50 kin gama rubutun farko.

1. Ki zaɓi tsibiri, ki san shi kamar unguwarku

A nan zan daɗe don a nan aka fi yin ɓarna. Dalilin sa labari a tsibiri shi ne ba wurin gudu. A babban gari in mace ta ji haushin namiji sai ta tare Keke Napep ta tafi, labari ya mutu. A tsibiri kanti ɗaya ne, hanya ɗaya, jirgin fito kuma sai lokacinsa, dole gobe ta sake ganinsa a layin biredi.

Tsibirin da na fi ɗora labaraina a kan siffarsa shi ne Makino (Mackinac ake rubuta shi), a tafkin Huron, jihar Mishigan ta Amurka. Ƙidayar 2020 ta ba shi mutum 583 kacal. An hana mota a garin tun 1898, har yau keke ne da keken doki da ƙafa, sai motocin gaggawa irin na asibiti da na kashe gobara da aka yarje musu. Hanyar da ta zagaye tsibirin wajen kilomita 13 ce. Da rani 'yan yawon buɗe ido ne ke cika shi maƙil suna sayen alewar nan mai laushi da aka san garin da ita, amma kafin Disamba sun watse, katafaren Grand Hotel da aka buɗe tun 1887 ya rufe sai bazara, yawancin dawakan ma an tsallakar da su ƙetaren tafkin, 'yan kaɗan ke kwana. Mutanen gari su koma hawa babur ɗin ƙanƙara. Rana kuma wajen ƙarfe biyar ta faɗi. Kin ga wannan shirun, shi kike nema.

Bari in ba ki labarin kunyar da na sha. Na karanta cewa in tafkin ya daskare tsakanin tsibirin da garin Sent Ignas, mutane kan tsallaka a kan ƙanƙarar, har suna kafa bishiyoyin Kirsimeti a jere don su nuna hanya. Abin ya burge ni sosai, sai na sa jarumina ya bi wannan hanyar daren 24 ga Disamba zai je wurin masoyiyarsa. Wata mai karatu da ke zaune a can ƙasar ta rubuto min cikin ladabi ta ce Anti ai tsofaffin bishiyoyin da aka gama biki da su ne ake kafawa, a Disamba tafkin bai daskare haka ba, sai can cikin tsakiyar sanyi, wata shekarar ma ba ya yi gaba ɗaya. Wato na sa bawan Allah ya yi tafiya a kan ruwa, shi ba Bitrus ba. Saboda haka duk abin da kika gani game da wurin, ki tambayi kanki a wane wata ne yake faruwa.

Shawarata, kar ki yi amfani da ainihin sunan tsibirin. Ki ari siffarsa ki raɗa masa naki sunan, sai ki zana taswirarsa a takarda: ga tashar jirgi, ga coci, ga makaranta, ga shagon shayi, ga gidan jaruma, ga maƙabarta. Ki rubuta minti nawa ne a ƙafa daga nan zuwa can, ki manna a bango. Ba don haka ba a babi na 3 coci na kan tudu, a babi na 14 ta sauko bakin ruwa.

In ba ki taɓa ganin dusar ƙanƙara ba kuma kina tsoron kuskure, hanya biyu ce. Ko dai ki sa jarumar ta zama 'yar gida, misali nas 'yar Jos ko Kaduna da aiki ya kai ta can, sai mai karatu ya ga komai da idon baƙuwa, in ta yi mamakin yadda numfashinta ke hayaƙi ko ta sa safa uku, daidai ne, mu ma haka za mu yi. Ko kuma ki dawo da labarin tsibiri mai zafi irin Bonny a jihar Ribas, inda bishara ta shiga tun shekarun 1860 ta hannun Bishop Samuel Ajayi Crowther, ga tsohuwar majami'ar Sent Stephen, ga kwale-kwale, ga masunta. Sai dai can ma sai kin yi binciken, kar ki kwashi al'adar gidanku ki jibga wa mutanen da ba tasu ba ce.

2. Mutum biyu, kowa da tabonsa

Ki buɗe littafin takardar nan, shafi ɗaya nata, ɗaya nasa. Amsa huɗu nake so a kowane shafi: me yake so kafin Kirsimeti, me ya taɓa ji masa ciwo, wace ƙarya ya yarda da ita game da kansa ko game da Allah saboda ciwon, me zai rasa in ya so wannan mutumin. Ta ukun ita ce jijiyar littafin. Misali ita gwauruwa ce, mijinta ruwa ya ci shi, tun daga nan ta ɗauka addu'arta ba ta wuce silin. Shi kuma ɗan garin ne da ya gudu shekara goma bayan ya ci amanar mahaifinsa, ya dawo sayar da gidan gado ya kama gabansa, a ransa ya riga ya yanke cewa irinsa ba a gafarta musu.

Kuskuren sababbi shi ne su yi jarumi kamar mala'ika, kyakkyawa, mai kuɗi, ga azumi ga addu'a, ba ya ko fushi. Wannan ba a sonsa, ana ganin girmansa ne kawai. Ki ba shi taurin kai, ko rowar magana, ko ya zama mai gudun rigima har ya cuci mutane da shirunsa.

Wani abu kuma, masu karatun irin wannan littafi suna lura da 2 Korantiyawa 6:14, ayar da ta ce kar mai bi ya haɗa kai da marar bi. In ɗayansu ya fara labarin nesa da Ubangiji, dole dawowarsa ta zama tasa ce shi da Allah, ba don ya samu yarinya ba. In ya tuba a shafi na ƙarshe don a ba shi aure, matan zumunta za su gane, kuma za su faɗa miki.

3. Ki shimfiɗa labarin a kan kalanda

Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, ta farkon tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Ni da su nake raba littafi gida huɗu. Makon farko haɗuwa da rashin jituwa. Na biyu aiki ya haɗa su dole. Na uku zukata sun fara narkewa, kowa ya buɗe tabonsa. Na huɗu komai ya rushe, sannan daren 24 a gyara.

Aikin da zai haɗa su ya zama na Kirsimeti ne kuma mai wa'adi: wasan kwaikwayon haihuwar Yesu na yaran Sande Sukul wanda malamarsu ta karye a ƙafa, ko rufin coci da ke yoyo ga sujadar dare na tafe, ko kasuwar tara kuɗi ta gari. Ki rubuta a kowane akwatin kalanda abin da ya faru ranar, har da ranar da iska za ta hana jirgi tashi. Wannan ranar ki ajiye ta kamar kuɗin adashe, sau ɗaya ake cin ta a littafi. In duk sanda kika maƙale sai ki turo guguwa, an gano ki.

4. Mutanen gari

Biyar ko shida sun isa, kar ki cika. Tsohuwa mai haɗa aure da ke yi kamar ba ruwanta, yaro ko yarinya mai faɗin abin da manya ke ɓoyewa, direban jirgin fito da ya san wa ya shigo wa ya fita, fasto. Faston nan don Allah ki bar shi ya zama mutum, ya gaji, ya manta wa'azinsa a gida, ya yi dariya. Kuma kowannensu ya kasance da tasa damuwar, kar su zama 'yan kallo da ba su da aikin yi sai zancen soyayyar mutum biyu.

5. Bangaskiya a aikace

Nan ne wuri na biyu da zan daɗe. A littafina na farko jarumin ya tsare jarumar a bakin ruwa ya yi mata wa'azi shafi uku, aya bakwai na lissafa daga baya. Ƙawata da ta karanta ta ce ta tsallake wurin, ita da take koyar da nazarin Littafi a cocinsu fa. Tun daga ranar na daina.

Ga yadda zan rubuta irin wannan wurin yanzu:

Ta tsaya a bakin ƙofar coci, takalminta duk ƙanƙara, tana jin yara suna ta tuntuɓe a baiti na biyu. Shekara uku rabon da ta tsallake dokin ƙofar nan. Ya fito ɗauke da tsani, ya gan ta, bai ce ta shigo ba. Sai ya jingina tsanin ya tokare ƙofar da shi ta zauna a buɗe, ya koma ciki. Sanyi yana ta kwarara cikin ɗakin, ba wanda ya tashi ya rufe.

Ba aya ko ɗaya a ciki, amma mai karatu ta ji alheri. Aya kuma in za ki kawo, ki zaɓi guda ɗaya ta riƙe littafin gaba ɗaya, ta dawo sau uku ko huɗu, kowane zuwa da sabuwar ma'ana. Kowa 1 Korantiyawa 13 yake rugawa, ta gaji. Ki duba Luka 2:7 inda ba su samu wuri a masauki ba, ta dace da baƙon da jirgi ya bari a tsibiri. Ko Matiyu 1:19, Yusufu da bai so ya kunyata Maryamu ba. Ko Rut sura 2, yadda Bo'aza ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zubar mata da zangarniya da gangan ba tare da ta sani ba, ni a wurina duk namijin littafin soyayya daga nan ya kamata ya ɗauki darasi. Ki kwafo ayar daga Littafin harafi da harafi, kar ki rubuta da ka.

Addu'a a cikin labari ta zama gajera kuma irin ta mutumin da ke cikin damuwa, "Ubangiji ban san me zan ce maka ba" ta fi sakin layi guda na manyan kalmomi. Sannan ki guji rigimar ɗarika. Ki zaɓi irin cocin da kika sani, ki bi tsarinta daidai, in Katolika ce kar ki ba Fada mata, in irin namu ce kar ki kawo Mas.

6. Soyayya mai tsabta ba ta nufin marar gishiri

Tunda ba ɗakin kwana, duk zafin yana cikin jira ne da ƙananan abubuwa. Ya lura safar hannunta ta yage bai ce komai ba, kwana biyu ta tarar da sabuwa a aljihun kwat ɗinta. Ta san yadda yake shan shayinsa tun kafin ya faɗa. Mu Hausawa ma wannan gonar tamu ce, kunya da kawaici da kallon ƙasa, mun iya faɗin abu da yawa ba mu buɗe baki ba, ki yi amfani da shi.

A littattafan Amurka sumba ɗaya ko biyu ba laifi ba ce. A namu masu karatun ki auna, ni dai riƙe hannu nake tsayawa, shi ma sai can wajen kashi uku cikin huɗu na littafin, kuma in ya zo a lokacinsa yana girgiza mutum fiye da yadda kike zato. Hattara da wurin nan da guguwa ke tsare su su biyu a gida ɗaya har safe. In dole ne sai an yi, ki sa tsohuwa ko yaro a gidan.

7. Rushewa da sulhu

Abin da zai raba su a mako na huɗu ya fito daga ƙaryar nan da kika rubuta a mataki na 2. Kar ya zama ta gan shi da wata ashe ƙanwarsa ce, abin da tambaya ɗaya za ta warware ba rikici ba ne, ɓata lokacin mai karatu ne. Kar kuma ki kwaso kishiya da boka da uwar miji mai asiri, wannan wata kasuwar ce daban. Shi ya sa hannu a takardar sayar da gida ya sayi tikitin jirgin safe don ya tabbata bai cancanci zama ba. Ita ta ja baya don tsoron sake binne wani. Kowa sai ya fuskanci nasa shi kaɗai tukuna, sannan su haɗu.

Kuma kar ki aiko mu'ujiza ta biya bashin da marubuciya ta ci. In kuɗin gyaran coci za su fito, su fito daga hannun wanda muka gani tun babi na 2. Ƙarshen na iya zama baiko ko alkawari kawai, mako huɗu sun yi kaɗan a ɗaura aure, in kina son biki ki ƙara ɗan gajeren babi na bayan wata shida ko Kirsimetin baɗi.

8. Gyara

Ki ajiye rubutun mako biyu kar ki taɓa. Sannan ki karanta da babbar murya, duk inda harshenki ya sarƙe akwai gyara, yawanci Turanci ne ya laɓe a ƙarƙashin jimlar. Ki yi gwajin murhu a kowane babi: in na mayar da wannan babin Kaduna a watan Yuni, zai canza? In ba zai canza ba, tsibirin da Kirsimetin ba sa aiki a wurin, ki sake shi. Daga nan ki ba masu karatunki biyu. Ta farkon ki tambaye ta a ina ta ajiye waya ta tafi wanke-wanke, ta biyun kuma ina ne ya saɓa wa Littafi. In ba ki samu dattijuwar ba, ko malamin Sande Sukul ya isa, amma kar ki ba wanda ke jin nauyinki.

9. Saki

Ki fara rubutu a Yuni ko Yuli, ki gama gyara a Oktoba. In babi-babi za ki riƙa saki a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, ki lissafa baya daga 24 ga Disamba yadda babin ƙarshe zai faɗo a daren, babi 24 ɗaya kullum daga 1 ga wata yana tafiya daidai, masu karatu suna ji kamar tare suke kwana da mutanen tsibirin. Amma kar ki kuskura ki saki babi na 1 alhali ba ki rubuta na ƙarshe ba. Disamba ce fa, ga firaktis ɗin kwaya, ga ɗinki, ga suyar cincin, ga tafiya gida inda netwok sai kin hau tudu. Ki jera duk babin a waya tun Nuwamba da lamba da kwanan wata, ki ba wata amintacciya kwafi, ranar da ba ki da caji ita ta tura.